Kocin da Zargi Ya Sa Ya Koyi Hausa

Jiya a filin shaƙatawa na Titiwangsa, nan Malesiya, na ji ƙarar sanda ta daki ƙwallo, sai marigayi kocinmu na besbol ya faɗo min a rai. Dattijo ne ɗan Malesiya, tsohon ɗan wasa, mai saurin fushi, kullum rigarsa na warin taba da man zafi. Bai yarda da kowa ba. Gani yake abokan karawa suna leƙen asirinmu, shi ya sa ya ce in koya masa da 'yan wasa "tsaya", "ruga" da "buga" da Hausa, don kada su gane umarninsa.

Ana cikin wani wasa ya hango wani baƙar fata a bakin fili, ya damƙi hannuna.

"Wancan waye? Yana jin yarenku?"

"Abokina ne da muke ɗaki ɗaya, Koci. Abinci ya yo min tapau, ya ƙullo min a leda."

"Wa ya aiko shi lah? Ya fita."

Haka aka kori bawan Allah da ledarsa. Ni ma na daɗe ina shan harara.

Da ciwon ƙirji ya kama shi, cewa ya yi likitoci so suke su raba shi da wasa, ya ƙi komawa asibiti. A filin ya faɗi. Allah ya jiƙansa, ya ba shi kwanciyar hankalin da bai samu a nan ba.