Na Faɗa wa Manhajar Malaminmu Sirrin Garinmu

A lokacin ina aji biyu a jami'a, ina karatun ilimin zamantakewa, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya kai wannan matsayi. Ƙauyenmu yana ɓangaren Gwashi ne, a ƙasar Bukkuyum. Ni mai surutu ne, Inna ma takan ce tun ina goye bakina bai san hutu ba. Amma akwai maganar da ko ni na san ba a yin ta, wato ta 'yan bindiga. A garinmu ko ambatonsu ba a yi, sai dai a ce mutanen nan.

A wani zangon karatu ne wani malaminmu ya shigo da manhajar AI cikin kwas ɗinsa, ya ce mataimakiyarsa ce, duk wanda bai gane darasi ba ya tambaye ta ta waya. Na so ta ƙwarai, don ba ta gajiya, ba ta kuma dariyar Turancina. Da aka ba mu aikin rubutu a kan yadda rashin tsaro ya canza noma a yankunanmu, na nuna mata nawa, sai ta ce rubutuna ya yi sama-sama, in kawo misalin abin da na sani da kaina. Ni kuwa na saki baki. Na gaya mata yadda ake tilasta wa mutanenmu su nome gonar 'yan bindiga kafin su taɓa tasu. Na siffanta mai kawo saƙonsu, ban kama suna ba, amma na ce mai sayar da fetur ne a kasuwar Bukkuyum, mai yankakken yatsa. Har na ƙara da cewa mahaifina ne ya gan shi yana loda musu mai da burodi. A zatona daga ni sai wayata.

Ashe malamin yana ganin duk abin da muke rubutawa. An faɗi hakan a shafin farko na manhajar, na danna amincewa ban karanta ba. Wata rana a aji ya haska hirata da manhajar a allo, ya cire sunana, yana yabon yadda ɗalibin ya kawo hujja. Ba da mugunta ya yi ba, shi ba ɗan yankinmu ba ne, bai san haɗarin ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ajin cike yake da 'yan Anka da Gummi da Bukkuyum, na ga wasu sun ɗaga waya suna ɗaukar hoton allon. Hirar ta ambaci Gwashi, ɗan Gwashi kuwa ni kaɗai ne a ajin.

Na bi malamin ofis na yi masa bayani. Shi ma ya firgita, ya roƙi ɗalibai su goge hotunan, amma sun riga sun yawata. Daga nan barci ya ƙaurace mini. Duk kiran da ya shigo daga gida sai in ɗauka mugun labari ne, kuma na kasa gaya wa kowa.

Wata ranar kasuwa Baba ya kira ni. Ya ce mai fetur ɗin ya same shi inda yake sayar da wake, ya gaishe shi da fara'a, ya tambayi iyali, sannan ya ce a gaida ɗan jami'a, ya ji labarin yaron ya iya rubutu. Baba ya tambaye ni me nake rubutawa. Na faɗa masa komai ina kuka. Salati kawai na ji yana yi. A makon nan shi da su Inna suka kwashe zuwa Gummi wurin gwaggona, suka bar gero ya nuna a gona babu mai girbi.

Ina jan hankalin ɗalibai, musamman 'yan yankinmu. Manhajar nan tana koyarwa, ban musa ba, amma akwai mutane a bayanta. Abin da ba za ka faɗa a tsakiyar kasuwa ba, kada ka rubuta mata. Malamai kuma su nemi izini kafin su haska maganar ɗalibi, don cire suna ba ya ɓoye ɗan ƙauye. Har yau Baba bai yi mini faɗa ba. Sai dai duk lokacin da na shigo da waya a hannuna, yakan katse maganar da yake yi har sai na fita.