Matar da Ta Hana Orestes Feshi

Shekara talatin da ɗaya, kullum kafin kofi ya huce a gidajen garin La Sierpe, malamar gona Odalis Pentón ta riga ta tsunduma cikin ruwan gonar shinkafa har gwiwa. Ta share kan ganye da ragarta ta kamun ƙwari sau goma, ta zazzage, ta ƙirga: sogata nawa, gizo-gizo nawa. Sogata ɗin nan ƙwaro ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma shi ke yawo da ciwon farin ganye daga shuka zuwa shuka. Wadda ta kamu kuwa, ƙaiƙayi za ta haifa.

Manoma har tsokanarta suke yi, wai ungozomar gizo-gizo.

Ku tambayi Orestes Cañizares, shekarar da ya ga farin ganye ya soma shigar masa gona. Ya goyo tankin feshi, sai ga Odalis tsaye a kan kunya.

"Matsa mini, baiwar Allah! Abincin gidana ne na shekara."

"Haba Orestes, da furfurarka? Feshi na mayar da farin ganye kore?"

Ta buɗe masa ragar. Gizo-gizo, masu cin sogata, sun fi ta yawa.

"Ga ma'aikatanka, ba ka biyansu ko sisi. Ka kashe su, sogata ta dawo ta tarar da gida ba mai gadi. Ajiye tankin nan, mu tuge masu ciwon."

Ya ajiye, yana ƙunƙuni. Kwana huɗu suna tuge shuka da ciyawar gefen kunya, bayanta kamar zai tsinke, a gonar da ba tata ba. Maƙwabcinsa ya yi feshi sau uku, gonarsa ta yi fari fat. Orestes kuwa ya yi girbi. Wallahi har yau yana ba da labarin.

Odalis, ke ce kika ga abin da idonmu ya raina. Ke ce kika tsaya gaban mutum cikin fushinsa don 'ya'yansa su ci shinkafa da baƙin wake. Mun gode, Allah Ya huta gajiya.

Ranar Juma'a ta ajiye aiki. Orestes ya zo, hula a hannu, ya roƙi ragar.

"Ka iya ƙirga kuwa?" in ji ta.

"Na gizo-gizo dai na iya."

Masu gona, ku bi shi gobe da safe. Ku ƙirga kafin ku fesa.