Lamba Talatin a Hular Bamalli

Tsawon shekara goma sha huɗu, duk wanda ya bi ta bakin tashar keke napep ta Kwamba bayan sallar asuba yakan tarar da Malam Bamalli, ciyaman ɗin direbobi, tsaye da hula a hannu. A cikin hular akwai murafen kwalbar lemo guda talatin, kowane da lamba a jikinsa. Direba ya zura hannu ya zaro ɗaya, lambar da ya samu ita ce layinsa na lodi a ranar. Masu lambobin farko su ke kwashe ma'aikatan da ke sammakon zuwa Abuja. Mai lamba talatin kuwa, kafin layi ya zo kansa rana ta take, sai tsofaffi masu zuwa cefane.

Ni da nake facin taya a gefen tashar na ga ciyamomi iri-iri, ban taɓa ganin wanda ya riƙe abin rabo bai lashi yatsa ba. Saboda haka ban yarda da Bamalli ba. Amma rashin yardata wasa ne a kan na Hashim.

Hashim direba ne, iyalinsa bakwai, keken nan shi ne gonarsa. Ba ya kallon fuskar ciyaman, hannunsa yake kallo. Wata uku yana lura, har ya gano cewa babban yatsan Bamalli ba ya barin gefe ɗaya na hular, ko ana girgiza ta. Ya faɗa wa Chukwudi, abokin layinsa. Chukwudi ya ce, "Hashim, kai ko ruwa aka ba ka sai ka tambaya wa ya haƙa rijiya. Bar Oga ya sha iska."

Bai bari ba. Dokar tasha kuwa sananniya ce: wanda ya ɗaga wa ciyaman hannu ya bar layi har abada. Hashim ya san da ita, ya kuma san ba wata tasha a Suleja da za ta karɓi korarre. Duk da haka, wata Talata, ana tsakiyar zaro lamba, ya cafke wuyan hannun Bamalli.

"Buɗe yatsan nan, Ciyaman!"

Wuri ya kaure. Obadiya, mataimakin ciyaman, ya ce a ture keken Hashim waje yanzu-yanzu. Bamalli bai fizge ba. Ya ɗaga yatsan a hankali, sai ga murfi manne da ƙyallen hula. Hashim ya ɗauka ya juya, yana jiran ya ga lamba ɗaya.

Talatin ce.

Ashe kullum shi yake danne ta, kowa ya zare tasa, ya ce shi zai ɗauki abin da ya rage. Mu kuma muna ta yi masa dariyar rashin sa'a. Aka tambaye shi dalili, ya ce, "In na fita da lodin farko, wa zai raba ku faɗa?"

Nan fa aka taso wa Hashim, har da masu neman ya durƙusa. Ya ga abincin 'ya'yansa na shirin tafiya, amma bakin nan bai mutu ba. Ya ce, "Maguɗi maguɗi ne. Yatsan da ya iya ɓoye talatin zai iya ɓoye ɗaya."

Bamalli ya juya ga direbobi. Sannan ya ce, "Gaskiyarsa. Ku ashirin da takwas ba wanda ya duba, shi ya duba. Shi za ku kora?" Ya miƙa masa hular. "Daga yau kai za ka riƙa girgizawa, ni in zaro kamar kowa."

Malam Bamalli, a ranar na sauke maka tawa hular. Kai ne aka kama wa hannu a gaban jama'a, kana da gaskiyar da za ka fake da ita, ka zaɓi ka amsa laifi. Kai ne ka gane cewa mai sa maka ido ya fi mai yi maka kirari amfani. Na ƙarshen layi, mai fitar da kowa kafin ya fita!

Watan jiya ciwon gwiwa ya sa ya ajiye aiki. Direbobi suka zaɓi Hashim, wai su ga yadda zai ji in shi ake zargi. Mun gode, Malam Bamalli, Allah ya ba da lafiya, ya sa ka ci moriyar hutunka. Masu riƙe da hular jama'a kuma, daga mai unguwa har na sama, ku koyi buɗe yatsa tun kafin a kama muku hannu.

Ranar miƙa aiki, Hashim ya karɓi hular ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da farce a gaban kowa. Bamalli ya yi dariya har da tari, ya ce, "Obadiya, ku samo wanda zai riƙa duba wannan shi ma."