Langar Goggo Dudu da Murfinta

Duk wanda ya san Goggo Dudu ya san ba ta gaisawa sai ta leƙa tukunya. Za ta yi sallama daga ƙofa, kina amsawa kina shimfiɗa mata tabarma, kafin ki ɗago ta wuce ki ta shige kicin. Sai dai ki jiyo muryarta: "Buɗe in gani!" Alhali kuwa ita da kanta ta riga ta buɗe. Ta shinshina, ta ɗanɗana, ta yanke wa miyar hukunci, sannan ta fito tana goge hannu da gefen mayafi ta ce, "To, ina kwana?"

Na taɓa ce mata, "Haba Goggo, a fara da gaisuwa mana."

Ta ce, "Ma'u, in na tambaye ki lafiya, za ki ce lafiya lau ko da yunwa kuka kwana. Gara in tambayi tukunyarki."

Yayar Babanmu ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, shi ya sa da Dadarmu, wato mahaifiyarmu, ta rasu ta tattaro kayanta ta dawo gidanmu na Adarawo ta raine mu mu uku: yayanmu Hamma Bello, da ni Asma'u, da autanmu Buba. A shekarunta na ƙarshe abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai, kuma kun san shi. Bayan rasuwar Baba, Buba ya sare mangwaron da Baba ya dasa a tsakar gida don ya gina ɗaki, bai shawarci kowa ba. Hamma Bello ya zo daga gonarsa ta Damare ya tarar da kututture, ya faɗi maganar da ba ta faɗuwa, Buba ya mayar masa. Tun daga ranar ko a filin Idi sai kowa ya nemi sahunsa daban. Goggo ta yi nasiha, ta yi kuka, ta yi zagi da Fulatanci da Hausa, duk a banza.

Amma bari in fara da firjina, don har gobe ina jin haushi. Da na tare a Jimeta mijina ya sayo firji, ni kuwa ina ta ji da kaina. Goggo ta zo, ta gama da tukwane, ta tsaya a gabansa. "Buɗe in gani." Ta ɗauko robar miya ta ce, "Ta yaushe ce?"

Na ce, "Ta shekaranjiya ce, Goggo, ai ba ta lalace ba."

Ta riƙe haɓa. "La'ilaha illallahu! Wato mutuware kuka saya kuka ajiye a falo? Miya ta mutu tun shekaranjiya, ku kuna ɗumama gawarta kuna ba yara! Ki dafa daidai cikinku, abin da ya rage ki miƙa wa maƙwabta. Ruwa kuma na randa ya ishe ku."

Da zafin bazara ya kankama, irin zafin Yola da ko ƙadangare ke neman inuwa, na dawo daga kasuwa na tarar da ita ta ja kujera ta zauna gaban firjin, ƙofa a wangale, ta zura ƙafafu biyu a gidan ƙasa inda nake ajiye tumatir.

"Goggo! Ba ke kika ce mutuware ba ce?"

Ko gezau. Ta ce, "Na ce kada a ci abin cikinsa. Na ce kada a zauna kusa da shi?"

Tattali kuwa, wayyo Allah! A wurin Goggo babu abin da ya ƙare. Ruwan wankin shinkafa na zogale ne. Guntayen sabulu a tara su a safa ɗaya a yi wanke-wanke. Ƙanzo a jiƙa shi a yi kwaɗo. Tsohon zani ya koma majanyi, majanyi ya koma tsumman goge ɗaki, kuma ko tsumman ya zama zare ba ki isa ki jefar ba. Buba yana saurayi ya taɓa jefar da wata singileti da ta yage. Bayan kwana biyu yana zaune yana shan kunun tsamiya, yana yabo, sai idonsa ya faɗa kan matacin da aka shanya a igiya, ga hannun riga yana reto.

Ya dire kofin. "Goggo, wannan ba singiletina ba ce?"

Ta ce, "Da can. Na tafasa ta da toka, ta fi zuciyarka fari. Miƙo kofin in ƙara maka, ai na ga ka lashe."

Ko maƙwabciyata Maman Rifkatu, malamar makaranta 'yar Numan, ba ta tsira ba. Ranar Kirsimeti ta kawo mana shinkafa da kaji a kula, Goggo ta buɗe ta taɓe baki. "Madam, man nan ya yi yawa. Wannan ai sai ya toshe wa mutum jijiya." Muka shiga ɗaki hira, muka fito, kula ta zama wayam, Goggo na suɗe ƙashi. Ta dube mu ta ce, "Saboda yaran na yi. Ni na riga na tsufa." Maman Rifkatu ta yi dariya har da hawaye, daga ranar suka ƙulle.

Sai langarta. Tsohuwar langa ce mai furanni, ta kayan aurenta, duk bakinta ya ɓantale. A cikinta take kai wa mutane kunun gyaɗa, domin a wurinta kunun gyaɗa maganin komai ne: ciwon kai, jego, faɗuwa jarrabawa, har ɓacin rai. Langar tana da doka. Ba a aiko ta, da ƙafarka za ka dawo da ita, kuma ba ta dawowa fanko, ko da lemon tsami ne ka jefa a ciki. Takan ce kunun ba shi ne ya dame ta ba, so take ta ga fuskar wanda ya sha.

Da jikinta ya yi nauyi na ɗauko ta na kawo ta wurina a Jimeta. Ashe tsohuwar nan ta gama shirinta. Zuwanta na ƙarshe Damare ta bar wa Hamma Bello langar, murfin kuwa ta damƙa wa Buba a Adarawo ta ce ya ajiye mata. Tana kwanciya ta sanar: ba za ta sha komai ba sai kunun gyaɗar gonar Bello, a langarta, da murfinta a kai.

Hamma Bello ya kawo kunu an rufe da faifai. Ta dubi faifan ta juya wa bango fuska. Buba ya zo da murfi a leda. Ta ce, "Murfi zan sha?" Ya ce to bari ya bar shi a nan. Ta ce da shi ya zo, da shi zai koma. Na ce ni zan je in haɗo su. Ta ɗaga yatsa: "Kika taɓa murfin nan, ni da ke." Hamma Bello ya yi dabara, ya sayo sabuwar langa mai murfi a kasuwa. Ta ƙwanƙwasa ta da farce ta ce, "Wannan baƙuwa ce, ban san ta ba."

Hankalina ya tashi, mutum ba ci ba sha! Sai rannan na dawo daga kemis na same ta da Maman Rifkatu an turo ƙofa, tana zuba farfesun kifi, bakinta duk mai.

"Goggo!"

Ta ce, "Rufe mana ƙofa. Na ce ba zan ci nasu ba, ban ce zan kashe kaina ba. Kika gaya musu kuwa..."

Muka yi ta dariya, na riƙe mata sirri. To amma ciwo bai san wasa ba. Wata safiya Maman Rifkatu ta fito daga ɗakin da kwanon a cike, idonta ja. Ta ce, "Ma'u, yau ko cokali ɗaya bai wuce ba. Kira 'yan'uwanki." Na kira su ɗaya bayan ɗaya, na manta da wani girman yaya, na ce matar da ta goya mu za ta tafi da baƙin cikinsu a kan itace, in sun ga dama su ci gaba. Na kashe waya ina kuka.

Bayan la'asar na ji Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida. Hamma Bello ne da kansa ya bi ta Adarawo ya ɗauko Buba. Ga su a baya, langa a cinyar Hamma, Buba ya danne murfi da hannu biyu, kunu ya ɓata musu riguna. Tun daga waje ake jin su.

"Kai ka saki murfin!"

"Ni? Kai ne dai ka karkata ta a kan gada!"

Goggo ta buɗe ido. "Ma'u, faɗa suke?"

Na ce, "Faɗa suke, Goggo."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ai magana ce."

Suka durƙusa a gabanta. Muryarta da ƙyar take fita, amma ta ce, "Buɗe in gani." Buba ya buɗe. Ta shinshina ta ce tsamiya ta yi yawa. Aka ɗiga mata kaɗan a leɓe, ta girgiza kai, ta nuna ludayi ta nuna su. Ludayin ɗaya ne. Hamma Bello ya sha ya miƙa wa Buba, Buba ya sha yana shessheƙa ya mayar masa, ita kuwa tana kallonsu har suka ga ƙasan langar. Ba a yi mako ba ta cika.

Langar tana nan tana yawo a tsakaninmu, da murfinta. Jiya Buba ya kawo min ita cike da mangwaron gonar Hamma Bello, ya ce in mun sha in ajiye masa ƙwallon, a tsakar gida zai dasa. Na kai ta kicin na ajiye, na tsaya ina jiran wanda zai ce in buɗe.

Allah Ya jiƙan Goggo Dudu, Ya yafe mata, Ya sanyaya makwancinta. Yadda ta ciyar da marayu ba ta gaji ba, Allah Ya ciyar da ita daga abincin Aljanna, mu kuma Ya bar mu a haɗe. Amin.