Kunyar ɗan fari ta raba ni da jikata

A shekarun da aikin man fetur ya buɗe a ƙasar nan, ni gwauruwa ce a Harra ta Gabas, ina soya ƙosai ina sayar wa alhazai a hanyar Harami. Ban yi karatu ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. A goye aka shigo da ni Madina ta hanyar Sudan, uwata tana kwance a maƙabartar Baƙi'a, mijina ma haka, ni kuma na ƙudurta ba zan bar maƙwabtakar Manzon Allah ba sai an kai ni kusa da su.

Ɗana na fari ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama mun yi doguwar magana ba, haka na ga uwata ta yi da yayana. Shi kuwa haihuwar nan ne, in na yi Hausa ya amsa da Larabci. Da aka yaye 'yarsa ta fari aka kawo mini ita. Shekara tara tana ɗakina, tabarmarmu ɗaya, ita ke tsokanata wai ƙosaina ya fi fuskata kyau.

Rannan matarsa ta zo ta ce wurin shugulinsa, wato aikinsa, za su tura shi Amurka, wani gari a bakin tafki inda ake tace mai. Ta ce mutanen wurin Kajun ake ce musu, suna da Faransancinsu na kakanni, suna cin barkono kamar mu, sauro da kada kuwa sai ka ce Cadi. Ta ce ya ce in shirya mu tafi tare. Na ce ta gaya masa ƙafata ba ta fita Madina, yarinyar kuma a bar mini ita. Bayan kwana biyu ta dawo ta ce ya ce tayyib, wato ya yarda. A wannan makon sau uku ya shigo gaishe ni. Ya durƙusa, na kau da kai na amsa, ya tashi. Maganar tana bakina, kunya ta danne ta.

Da tafiya ta matso, matar ta karɓi takardar haihuwar yarinyar wai za a gyara mata rajista a madarasa. Da hannuna na ciro ta daga ƙasan akwati. Ashe a jawaz ɗin uban, wato fasfonsa, za a saka ta. Ranar tafiya suka ce ta raka su Jidda ta ga jirgi, ƙanin uwarta zai dawo da ita. Ni na yi mata kitso, ni na ƙulle mata gyaɗa a gefen mayafi. Washegari ƙanin ya zo shi kaɗai, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

Suna aiko kaset. A na farko yarinyar kuka take tana kirana, tana cewa garin duk ruwa ne, ba ta jin kiran salla. A na uku tana ba ni labarin wata maƙwabciya da ta koya wa uwarta shinkafa da jatan lande. Daga nan Hausar ta fara tsinkewa, har ya zama uwar ke magana a madadinta. Shekara bakwai suka yi. Ta dawo budurwa, ta sumbaci kaina da ladabi irin na baƙuwa, ta zauna a bakin kujera tana jiran a ce a tashi.

Ranar na kira ɗana da sunansa, karo na farko a duniya, na tambaye shi dalili. Ya ce shi bai taɓa cewa tayyib ba, amma ya san abin da matarsa ta gaya mini, ya kuma bar shi a haka. Ya ce sau ukun nan da ya shigo jira yake in tambaye shi, don ba zai iya yi mini ƙarya ido da ido ba, da na yi shiru sai ya ɗauki shirun a matsayin hanya.

Na yafe don ina tsoron kwanciyar kabari, amma zuciyata ba ta koma mazauninta ba. Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Sai dai ku iyaye mata, abin da ya shafi ranku kada ku aika, kada ku karɓi amsarsa a bakin wani. Ku kira ɗanku, ko na fari ne, ku dube shi, ku tambaya. Jikata tana unguwar Aziziyya yanzu da 'ya'yanta, tana zuwa duk Juma'a, kuma in na yi mata Hausa sai an yi mana tafinta.