Karatun Ƙafa a Lambunan Jiratawa

Ni ban taɓa iya karatu a zaune ba. Tun ina ƙaramar lakkol, wato firamare, in na ɗora littafi a cinya, barci ke riga ni kai ƙarshen shafi. Sai na tashi ina kai da kawowa, ina faɗa da ƙarfi, sannan abu yake shiga kaina. Ba ni kaɗai ba ne. Duk wanda ya ratsa unguwar Zariya lokacin jarrabawa ya ga 'yan makaranta a ƙarƙashin itatuwan bedi, suna zirga-zirga suna magana su kaɗai.

A shekarata ta farko a jami'a na faɗi darasin labarin ƙasa. Ba laifin malamin ba ne. Na fi zama a fada wurin shayi a kan zama a aji, abin da na shuka ke nan. Aka ce waɗanda suka faɗi za su sake zama zagaye na biyu bayan ɗan hutu. Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, yana da shagon hatsi a Sabon Gari. Da na kai masa labari bai yi faɗa ba. Ya dai ɗauko tiyar awo, ya kaɗe ta, ya ajiye a gabana.

"Ka gan ta?" ya ce. "In ka sake faɗuwa, taka ce. Ita ba ta da zagaye na biyu."

Washegari na tattara na tafi Jiratawa gidan goggona, don in yi nisa da fada. Na tafi da wani abokina ɗan Tibiri da muka faɗi tare. Shi ba wasa ya kayar da shi ba, zazzaɓi ne ya kwantar da shi ranar jarrabawar farko. Gidansu kuma maƙera ne, ba a jin komai sai guduma.

A cikin lambunan Jiratawa akwai wata siririyar hanya da ke bin gefen magudanar ruwa. Ita na mayar ajina. Ban shirya haka ba, amma da yake kullum daga wuri ɗaya nake farawa, sai kowane babi ya kama wurinsa. Babin iska da damina daga bakin injin ban-ruwa yake farawa. Babin duwatsu yana wajen fadamun albasa. Babin yawan jama'a yana daidai gonar wani tsoho mai jaki, har yau in na ji kukan jaki sai in tuna ƙaura daga karkara zuwa birni. In na manta wani abu, sai in koma baya 'yan taku in tsince shi a inda na bar shi.

Matsalar tana tsakiyar hanya. A nan, ƙarƙashin wani mangwaro, wata dattijuwa ke sayar da kwaɗon zogale, da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji. Muna kiran ta Inna. Babin koguna da tafkuna a daidai kwanonta ya faɗo. Kullum na iso sai in rufe littafi in ce bari in ɗan taɓa, in na tashi sai in ci gaba daga babi na gaba, kamar na biya na kogunan.

Ɗan Tibiri kuwa ba ya yawo. A gindin mangwaron nan yake tsayawa cak, yana biya karatunsa. Kuma da wani irin salo yake yi: sai ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa sama, ya ja ƙarshen kowace jimla kamar mai shela a kasuwa. Babin koguna ya fi ba shi wuya, don haka shi yake ta maimaitawa. Ni kuma, da bakina cike da zogale, sai in tashi in tsaya a bayansa, in ɗaga yatsa, in riƙa bin sa kalma da kalma da irin muryarsa. Matan da ke tsinkar zogale su yi ta dariya har suna riƙe ciki.

"Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah," in ji Inna. "Shi yana karatu, kai kana ci, kuma kai ne mai bakin dariya?"

"Inna, taya shi nike."

"Bar shi, Inna," in ji ɗan Tibiri. "Ranar jarrabawa sai ya rubuta musu kwaɗo."

Ranar ta zo. A babban zauren jarrabawa na jami'a aka yi, wanda muke kira amfi. A ƙofa aka duba katinmu, aka karɓe wayoyi, kowa ya nemi lambarsa. Kujerun dogayen katako ne a haɗe, in mutum ɗaya ya motsa duk layin sai ya ji. Ɗan Tibiri yana layinmu, mutum biyu tsakaninmu. Mai tsaronmu wata Madam ce mai tabarau, wadda aka ce ko tari ka yi sai ta dubi wanda ya amsa.

Aka raba takardu. Na karanta tambaya ta farko, a kan damina. Na san na san ta. Amma ina zaune, kaina ya zama fayau kamar an share. Na ciji bik ɗin da nake rubutu da shi, na dubi rufi, babu komai. Sai na rufe ido na ajiye kaina a bakin injin ban-ruwa, na ɗaga ƙafa. Nan da nan jimlar farko ta zo. Na ci gaba da takawa a ƙarƙashin tebur ina rubutu, silifas ɗina na roba suna fas, fas, fas a kan siminti, katakon yana rawa. Wata ɗaliba a gefena ta yi tsaki. Ɗan Tibiri ya leƙo ya harare ni, ya yi mini alama da hannu in bari.

Wannan alamar Madam ta gani.

Ta zo ta tsaya a kaina, ta dafe takardata. "Kai da wancan, mi kuke faɗa ma juna da ƙafa?"

In ta fitar da mu, sifiri ne, kuma ba ni kaɗai ba, har da bawan Allah da bai yi komai ba. Tiyar kawu ta zo mini a ido.

"Madam, wallahi ba magana ba ce. Tahiya nike."

"Tahiya? Ina za ka?"

"Jiratawa."

Zauren ya fashe da dariya. Ta buga tebur aka yi shiru. Na yi mata bayani da sauri: injin, albasa, jakin tsoho. Ta daɗe tana dubana ta saman tabarau. Sannan ta duba ƙarƙashin tebur, ta sa na juye silifas, ba ta ga komai ba.

"Tashi," ta ce. "Koma can baya, teburin da ba kowa. Takalman kuma bar su nan. In za ka Jiratawa, ka tahi ba takalmi, kuma kar in ji isowarka."

Na koma baya, ƙafa a kan siminti mai sanyi. Na gama damina lafiya. Na juya shafi, sai ga tambaya ta biyu, mai maki mafi yawa: koguna da tafkuna.

Na taka a hankali har gindin mangwaro. Ga Inna, ga kwano, har ƙamshin ƙuli-ƙuli na ji. Karatu kuwa ko layi ɗaya babu, don ban taɓa ajiye shi a nan ba. Na tsaya ina kallon kwanon, yawu na taruwa a bakina, hawaye na neman taruwa a idona. Sai na ji gyaran murya a cikin kaina. Ga ɗan Tibiri a tsaye da yatsa a sama, ga ni a bayansa ina kwaikwayo. Ashe duk tsokanar nan da na yi, babin ya zauna daram, da jan muryar da komai. Na riƙa rubutawa yadda yake faɗa. Inda yake tsayawa ya haɗiye yawu, nan nake sa aya. Sai da na ga Madam tana kallona na lura yatsana na hagu yana sama.

Da sakamako ya fito, na haye da ƙyar, a daidai bakin layi. Ɗan Tibiri ya wuce ni nesa. Na same shi na gaya masa gaskiya, na ce ya yafe mini dariyar da na sa aka yi masa.

"Na yafe," ya ce. "Amma bana ni zan zauna in ci kwaɗo, kai ka tsaya ka biya."

Kawu kuwa da na kai masa takardar, ya juya ta, ya ce a karanta masa. Ya ji makin. Sannan ya ɗauki tiyar ya rataye ta a ƙusa, ba can ciki ba, nan bakin ƙofa inda zan riƙa ganin ta duk lokacin da na zo gaishe shi.