Wutar da Gwaggo Hissa ke kai wa teku

A unguwarmu ta Hura, cikin birnin Manama na ƙasar Larabawa, duk wanda ya haura shekara hamsin ya san Gwaggo Hissa, ko don dafaffen waken da take sayarwa a ƙofar gida, ko don kaifin bakinta. Yayar mahaifina ce. Ni Jasim, direban tasi, ni na gaji ɗawainiyarta, domin ba ta taɓa haihuwa ba.

An yi mata aure da Farhan, mai nutso neman lu'ulu'u, a lokacin da sana'ar ke gargarar mutuwa. Samari duk sun gudu aikin man fetur, shi kuwa ya ce ba zai iya shaƙar hayaƙi a tudu ba. Da zafi ya kama, jirginsu ya tafi, sai ƙarshen kakar nutso za a gan su.

A zamanin akwai al'adar mata. Idan jirage suka yi jinkirin dawowa, sai kowace ta kunna busasshen reshen dabino a murhun gidanta, ta ruga da shi bakin ruwa ta tsoma, wai ta yi wa teku lalas don ya ji zafi ya saki mazajensu. Malamai suna faɗa, matan suna yi. Gidan Gwaggo kuwa a bakin ruwa yake, har in igiya ta yi ƙarfi takan jiƙa dokin ƙofa. Wata shekara jirage suka yi jinkiri, ta fito da reshenta tare da sauran mata, iska ta taso, wutar kowa ta isa ruwa ban da tata. Da jirgin ya iso, kowa ya sauko ban da Farhan. Ashe ya yi nutso, aka jawo igiyarsa, aka fito da shi babu rai. Suna nesa da tudu, sai aka yi masa salla a kan jirgin aka mayar da shi ruwan.

Tun daga nan, duk ƙarshen kakar nutso, Gwaggo takan kunna reshe a murhunta ta kai wa teku. An daina nutso, jiragen sun ruɓe a kan yashi, matan da suka yi tare da ita sun mutu ko sun koma kallon talabijin, ita tana nan.

Mahaifina ya sha yi mata faɗa. "Yaya, wannan fa ba addini ba ne. Kuma mutane na cewa kin taɓu."

"Su ce mana. Ai na san ba zai dawo ba, Isa, ni ba sakarya ba ce. Kowa yana da kabarin da yake ziyarta, ni ina nawa? Ranar nan wutata ba ta isa ba. To ba zan sake bari ta mutu a hanya ba, ko da kai da limaminku za ku haɗiye rawunanku."

Daga nan ba wanda ya ƙara tanka mata.

Sai gari ya fara cin teku. Manyan motoci suka riƙa juye duwatsu da yashi a ruwa, aka shimfiɗa titi a inda muke kamun ƙananan kifi. Gwaggo ta nemi reshe mai tsawo, tana tsallaka titin da sauri, motoci na yi mata oda tana zaginsu. Bayan 'yan shekaru aka sake cike wani wurin, aka kafa bankuna da ofisoshi. Reshe ya daina kaiwa, yakan cinye tun tana tsakiyar hanya. Sai ta koma zuba garwashi a kaskon turare, ta rufe da mayafi, ta tafi tana hurawa. Takan dawo ƙafa a kumbure, amma fuska a sake.

"Tekun ya ji?" nakan tambaye ta don tsokana.

"Ya ji mana, har da ƙara. Matsoracin banza, kullum ƙara guduna yake yi."

Ni dai ban ga gudun teku ba, tura shi aka yi. Kuma kada a ce ina ƙin ci gaba, da shi nake ci. Baƙin da ke kwana a benayen gilashin nan su nake ɗauka, su ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yana. Amma abin yana ci mini rai in baƙo ya ce in kai shi bakin teku, in tsaya ina tunanin ta ina ake shiga, ni da aka haifa ana jin ƙarar igiya daga ɗakin uwata.

Da gwiwoyinta suka gaza, sai aikin ya dawo kaina. Nakan ɗauke ta a mota, kasko a cinyarta, kujeruna su yi mako suna warin hayaƙi. Wata shekara mu sami gefen da ba a katange ba, shekara mai zuwa mu tarar an yi otal a wurin.

Shekarar ƙarshe ta riga ta rame ƙwarai, idonta ma ya yi rauni. Da la'asar na same ta durƙushe a gaban murhun tsakar gida, wanda ba a girki a kansa sai don wannan rana. Ta zaɓi garwashi da kanta.

"Kashe sanyin motar nan, ɗan Isa, zai kashe mini wuta."

"Gwaggo, za mu dahu fa."

"Ka dahu. Ubanka ma bai taɓa nuna ba, ɗanye ya mutu."

Na kashe, na sauke gilashi. Wurin da muka je bara, mun tarar da shinge da ƙofar ƙarfe. Mai gadin, wani bawan Allah baƙo, ya ce ba mai shiga sai masu gida a ciki. Na yi masa bayani, ya leƙa ya ga tsohuwa da kasko, ya ba ni haƙuri, ya ce aikinsa ne zai tafi. Ban ga laifinsa ba. Muka juya, muka faɗa cunkoson masu tashi daga aiki. Ga teku can muna hango shi ta tsakanin benaye, ga mu a tsaye. Ina jin ta a baya tana hura garwashin, numfashin ba ƙarfi, tana yi tana tari.

"Mun kusa?"

"Saura kaɗan, Gwaggo."

Ta tambaya har na daina amsawa. Daga baya ita ma ta daina tambaya.

Rana na shirin faɗuwa na sami wata kafa a bayan wani gini da ba a gama ba, inda aka jibge duwatsu, ruwa na bugunsu. Na tsaya, na zagayo na buɗe mata ƙofa. Ta ɗaga mayafin daga kan kaskon, ta sa yatsa a ciki ta juya. Toka ce kawai.

Na zaro ashana daga aljihu. "Bari in tayar miki da ita, ga itace nan birjik."

Ta riƙe hannuna. "Wutar gida ake kaiwa, Jasim. Ta hanya ba ta da amfani."

"To mu koma mu ɗebo wata."

"Ta ina? Ka ga hanyar da muka biyo." Ta juya fuska wajen da ƙarar ruwan ke fitowa. "Ta sake mutuwa a hannuna. Wancan karon ma ina ganin ruwan ta mutu."

Ban taɓa ganin hawayen Gwaggo ba sai ranar. Ba ta sauko daga motar ba. Ta ce in rufe ƙofar, iska na damunta.

Ta rasu kafin zafi ya sake zagayowa. Magada suka sayar da gidan, aka rushe shi har da murhun, yanzu wurin ajiye motoci ne. Kaskon yana gidana. Da ƙarshen kakar nutso ya zo na ɗauko shi na riƙe, na duba ɗakin girkinmu, babu komai sai murhun lantarki.